Ina aji biyu a Aikin Gona a Samaru, me ya kamata in kama tun yanzu?

'Yar Malumfashi

Assalamu alaikum yayyena da iyayena na wannan zaure.

Ina aji biyu a Tsangayar Aikin Gona ta ABU Zariya, ina kwana a Amina Hall. Likitanci na cika a JAMB, makina bai kai ba, na samu aikin gona, na kuma karɓa hannu bibbiyu domin Babanmu ya ce ilimi duk ilimi ne. Yanzu ga shi kwas ɗin ya fara shiga raina, musamman ɓangaren tsirrai da yadda ake samar da sabon iri.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, tun da na shigo makarantar nan tafiyata ba ta wuce daga ɗaki zuwa aji, daga aji zuwa masallaci, in koma ɗaki. Na gama aji ɗaya da CGPA (matsakaicin maki) 3.71. Amma ina jin 'yan ajinmu suna hirar sikolashif, wasu kuma da an tashi lakca sai su nufi IAR, wato Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke nan Samaru, akwai ma wadda aka ce a hutun da ya wuce ta yi aikin tattara bayanai a ƙauyukan Giwa har aka biya ta. Ni ban san ta ina ake shiga waɗannan abubuwa ba, kuma ina jin nauyin tambayarsu, kada a ce na cika rawar kai.

Babanmu malamin firamare ne da ya yi ritaya. Ni ce ta farko a gidanmu da ta taka jami'a, ƙannena kuma duk ni suke kallo. Kuɗin rajistar bana sai da aka fitar da masara daga rumbu, aka haɗa da tunkiyar Innarmu, kafin ya cika. Don haka ba zan iya naɗe hannu har shekara biyar ta ƙare sannan in fara tunanin inda zan dosa ba.

Ku taimake ni da shawara. Wane tallafin karatu ne 'yar aji biyu za ta iya nema? Bashin karatun nan na gwamnatin tarayya, NELFUND, in karɓa ko in bari? Babanmu yana ɗari-ɗari da duk abin da aka kira bashi. Sannan wanda ya karanta aikin gona, ban da koyarwa da aikin ma'aikatar gona ta jiha, wane aiki yake samu, kuma me ya kamata in fara koya tun yanzu? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Ɗan Samaru

Wa alaikumus salam ƙanwata. A tsangayar nan taku na gama, yanzu ina aiki da wani kamfanin iri a Kano, ina zagaya gonakin manoman da muke bai wa kwangilar noma mana iri. Maganar kuɗi zan bar wa waɗanda suka fi ni saninta, ni kan tambayarki ta ƙarshe zan tsaya.

Ɗaliban aikin gona na ABU da yawa ba sa lura da inda Allah ya ajiye su. IAR ɗin nan da kike wucewa kullum ta girmi jami'ar kanta. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, ita kuwa ABU sai 1962 aka kafa ta. Duk irin da kika ji sunansa ya fara da SAM daga nan ya fito: SAMMAZ masara, SAMSORG dawa, SAMNUT gyaɗa, SAMPEA wake, SAMCOT auduga. Waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar nan da ke huda kwanso, wanda aka saki a ƙarshen 2019, a nan aka yi aikinsa. Haka masarar TELA da aka amince da ita a 2024. Masu wannan aiki kuwa, da yawansu su ne dai suke shigowa aji su koyar da ku. Ga NAERLS a gefe, masu aikin malaman gona, waɗanda duk damina suke fita jihohi su duba yadda noma ya kasance su fitar da rahoto. Ga NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi, a Shika, inda aka samar da kazar Shika Brown. Ɗalibin wata jami'ar sai ya shiga mota ya kwana a hanya kafin ya ga abin da ke kike kaiwa da ƙafa.

To ta ina ake shiga? Ba ta ofishin darakta ba, ba kuma da dogon turanci a takarda ba. Ki nemi ɗaliban digiri na biyu da na uku na sashen Kimiyyar Tsirrai, tunda can hankalinki ya karkata. Da damina ta kankama kowannensu yana da gonar gwaji da ta fi ƙarfinsa, kuma kuɗin ɗaukar ma'aikata ba ya isarsa. Idan akwai mace a cikinsu, ita za ki fara samu. Ki gaishe ta, ki faɗi ajinki, ki ce kina so ki riƙa raka ta gona ranar Asabar ko ranar da ba ki da lakcar safe. Da wuya a ce miki a'a.

Bari in faɗa miki abin da za ki tarar, don kada ki je da tunanin farar riga da na'urori. Gonar gwaji an yanka ta ƙananan fuloti, kowanne da turke da lambarsa. Za a ba ki sandar awo da allon rubutu. Ki auna tsayin shuka, ki ƙirga wuta-wutar da ta fito a kowane fuloti, ki rubuta ranar da rabin shukar ta yi fure. Idan lokacin haɗa irin masara ne, da sassafe za ku fita, raɓa ta jiƙe ki har gwiwa, kina ɗaura jakunkunan takarda a kan masara don kada ƙurar furen wata ta faɗa wa wata. Da fensir ake rubuta lambar, domin tawadar biro ruwa da rana suna cinye ta, kuma lamba ɗaya idan ta ɓace aikin shekara guda ya tafi. Bayan girbi akwai sussuka, da auna nauyin ƙwaya ɗari, da duba laimar hatsi da na'ura. Aiki ne mai gajiyarwa, babu wani ado a cikinsa. Amma duk abin da aka rubuta miki a allo kan gadon halitta da tsarin gwaji, a nan zai zauna miki a kai, har jarrabawa ta zo miki da sauƙi.

Ki kuma girmama ma'aikatan gona da na ɗakin gwaje-gwaje. Akwai dattawa a cikinsu da suka shekara da shekaru suna wannan aiki, sun san kowace cutar gyaɗa da ido tun kafin a kai ganyen ɗakin gwaji. Ni wani dattijo cikinsu ne ya koya mini gane shukar da ba ta cikin irin da aka shuka, tun daga launin kara da tsayuwar ganye, kuma yau wannan sanin shi nake ci da shi. Ki kira su Baba, ki riga su gaisuwa, ki tambaye su.

Abu na biyu, kwamfuta. Bayanan da kuka tattaro a gona dole a shigar da su a tantance. Ki fara da Excel har hannunki ya faɗa, ba buɗewa da rufewa kawai ba: jera bayanai, fitar da matsakaici, zana jadawali. Daga nan ki matsa zuwa R, manhajar tantance bayanai, kyauta ake sauke shi, darussansa kuma sun cika YouTube. Idan ba ki da laftof, ki roƙi wadda kike taimakawa ta bar ki ki riƙa shigar mata da bayanan a tata, ita ta huta, ke kin koya.

Aji huɗu shekarar aikin hannu ce, lokacin SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a wuraren aiki da hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta ɓullo da shi tun 1973. Mafi yawan ɗalibai sai lokacin ya zo suke fara rarraba ido, su ƙare a inda ba abin da za su koya sai cika logbuk da ƙarya. Ke idan an riga an san fuskarki a IAR, za ki sami mai ce miki zo nan. A Kano kuma akwai tashar IITA da ofishin ICRISAT, cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, da ƙungiyar tallafa wa manoma ta Sasakawa, da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta BUK. A Zariya ga kamfanin iri na Premier Seed. Ita IAR ɗin ma tana da tashoshi a Kadawa da Minjibir da Talata Mafara.

Kin tambayi aiki. Kamfanonin iri, na taki, na maganin feshi, na abincin kaji, ƙungiyoyin raya karkara, bankunan da ke ba da bashin noma, duk suna ɗaukar 'yan aikin gona. Ina zama cikin masu tantance sababbin ma'aikata a wurinmu, kuma abin da ke ɓata mini rai shi ne yaro ya zo da sakamako mai kyau, a miƙa masa ganyen masara da tsutsa ta ci a ce me ya same shi, ya tsaya yana kallonka.

Maman Khalil

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa iyayenki albarka. Duk abin da Malam na sama ya faɗa gaskiya ne, sai dai ina so in ja miki kunne kan abu ɗaya: kada gona ta cinye miki maki.

Ki dubi lambar nan taki da kyau. Daga 3.50 zuwa 4.49 shi ne mataki na biyu babba, daga 4.50 kuma mataki na ɗaya. Ke kina 3.71, wato tazararki da gaɓa ba ta da yawa, zango ɗaya marar kyau zai iya sauko da ke. Kuma 3.50 ɗin nan ita ce ƙofar da masu ba da tallafi da yawa suke sawa. Yanzu ne makin yake motsi da sauƙi, domin kwasa-kwasan da kika ɗauka ba su taru ba. Idan kika kai aji huɗu, ko A kika jera ba zai ɗaga sosai ba. Tun ran gini tun ran zane. Saboda haka gona ranar Asabar da lokacin hutu, sauran ranaku na littafi ne.

Maganar tallafi. Kafin komai ki tanadi jaka ɗaya ta takardu, ki kuma ɗauki hotonsu tsaf ki ajiye a imel ɗinki: takardar samun gurbi ta JAMB da ta makaranta, sakamakon WAEC ko NECO, katin ɗalibi, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, lambar NIN, hoton fasfo mai farin bango, da sakamakon aji ɗaya da jami'in jarrabawa na sashe ya sa wa hannu da hatimi. Asusun banki ya zama da sunanki ne, ba na Baba ko na yayanki ba. Ki tabbata yadda aka rubuta sunanki da ranar haihuwarki a JAMB haka yake a NIN da BVN. Na ga yarinya mai ƙoƙari ta rasa tallafi saboda a wata takarda Aisha ce, a wata kuma A'ishatu, kafin ta gyara an rufe shafin. Galibi 'yan makonni kaɗan ake bayarwa, wanda takardunsa suke a hannu shi ke samu.

Ki fara da gida: Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Katsina. Kuɗin ba shi da yawa, amma haƙƙinki ne, kuma ƙungiyar ɗaliban jiharku da ke cikin makaranta ita ce ta fi saurin jin labarin buɗewa, don haka ki yi rajista da su. Sai Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi. Sai kamfanonin mai da ke haɗin gwiwa da NNPC, irin su TotalEnergies da Chevron, da kuma NLNG. Su waɗannan 'yan aji ɗaya da aji biyu suka fi nema, ke nan bana ce shekararki, baɗi kin wuce. Ki karanta sharuɗɗan kowanne a hankali, domin wasu suna da jerin kwasa-kwasan da suke karɓa. Tallafin Agbami na kamfanonin mai, alal misali, likitanci da injiniyanci ta fi mayar da hankali a kai. Na Gidauniyar MTN kuwa 'yan aji uku ake nema, da CGPA 3.5 zuwa sama, shi ya sa nake ta nanata miki makin nan. Kusan dukkansu sai an yi jarrabawa a kwamfuta, lissafi da Turanci da tambayoyin kaifin basira, lokaci kuma a ƙure. Ki nemi tsofaffin tambayoyi a wurin 'yan aji uku da huɗu ki riƙa gwadawa da agogo a gabanki.

NELFUND kuma, ga yadda yake, ki karanta wa Baba. An sa hannu kan dokar a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayun shekarar. Babu kuɗin ruwa a kansa, kuma na san nan ne hankalin Baba ya fi tsayawa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, ba ya biyowa ta hannunki. Akwai kuma na ɗawainiya, naira 20,000 a wata, wanda yake shiga asusunki idan kin nema. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan kin gama bautar ƙasa. A ganina, gidan da ake fitar da abincin shekara daga rumbu don a biya rajista, wannan bashin ya fi musu sauƙi. Amma ki zauna da Baba ku yanke tare, kada ki cika a ɓoye.

Yanzu ga abin da maza ba za su faɗa miki ba. Ni ɓangaren malaman gona na karanta, ina aiki da wata ƙungiya mai tallafa wa mata manoma. Duk sanda za mu fita tattara bayanai, mata masu jin Hausa da Turanci, masu iya riƙe waya su cika fom, su ne muke nema ruwa a jallo. Dalili a fili yake: gidan da aka rubuta ba shiga, namiji a zaure zai tsaya, maigida ya ba shi amsar da ya ga dama. Ke kuwa za ki shiga har tsakar gida, ki zauna a tabarma da matar da take fasa gyaɗa, ta faɗa miki mudu nawa take sarrafawa a mako, nawa take sayar da kwalbar mai, wa ke riƙe kuɗin ƙuli-ƙulin. Wannan bayanin ba mai samo shi sai mace. 'Yar ajinku da kika ce ta je Giwa, irin wannan aikin ta yi. Ki daina jin nauyi, ki same ta ki tambaye ta wa ya kira ta. Ki sauke manhajar tattara bayanai ta KoboCollect a wayarki ki koyi yadda ake cika fom da shi, shi da ODK ne aka fi amfani da su.

Sharaɗina ɗaya ne. Duk fitar da za ki yi, a gida a san da wa kika tafi da inda za ku kwana, kuma a ce akwai wasu mata a tawagar. Duk wanda ya ce ki zo ofis bayan magariba don a yi maganar aiki, ki ce kin gode, ki kama gabanki.

Abu Kongo

Ni a harabar ABU ta Kongo na yi, akanta na karanta, don haka ba zan yi miki maganar fure da ƙurarsa ba. Abu biyu ne nawa.

Na ɗaya, 'yan damfara. Duk tallafin da aka ce ki biya kuɗin fom, ko ki tura lambar katin banki, ko ki watsa saƙon ga rukuni goma na WhatsApp kafin a buɗe miki, ƙarya ne. Wani ƙanina an karɓe masa kuɗin abincinsa na wata da sunan za a sa shi a jerin waɗanda suka ci. Ki riƙa shiga shafin kamfanin ko hukumar da kanki, ki kuma leƙa allon sanarwa na ofishin kula da harkokin ɗalibai.

Na biyu, ban yarda da Yaya Tsohon Ɗan Samaru ɗari bisa ɗari ba. Yarinyar nan ta ce an sayar da tunkiyar mahaifiyarta, shi kuma yana tura ta aikin kyauta. Masu binciken nan nawa ake ɗauka a shekara? Ajinku kuna da yawa, ba duka za ku shiga IITA ba. Ki koyi abin da zai kawo kuɗi ko ba wanda ya ɗauke ki aiki. Malumfashi da Funtuwa ƙasar noma ce, manomi kuma kullum kukansa jabun iri da jabun magani. Wadda ta san iri na ƙwarai, ta san inda ake samo shi, ta iya yi wa manomi bayanin yadda zai yi amfani da shi da Hausa, ta sami sana'a. Ko rainon yabanyar tumatir da tattasai a tire ki sayar wa 'yan noman rani. Kwas ɗin koyon sana'a da ake tilasta wa kowa, kada ki ɗauke shi na neman maki kawai, ki koyi rubuta tsarin kasuwanci da lissafin riba da faɗuwa a cikinsa. Gidauniyar Tony Elumelu tana buɗe nema a farkon kowace shekara, tana ba da jarin dala 5,000, kuma abin da suke dubawa ke nan.

Bashin NELFUND kuma, ra'ayina ki karɓi na makaranta ki bar na ɗawainiya idan za ki iya maneji. Ko babu ruwa, bashi bashi ne, ranar biya tana zuwa.

Tsohon Ɗan Samaru

Malam Abu, ba mu saɓa ba. Sanin iri na ƙwaran da kake so ta yi sana'a da shi, a ina za ta same shi idan ba a gonar gwajin ba? Kuma wanda ya fara da kyauta, idan aka ga hannunsa, shi ake fara kira ranar da aikin kuɗi ya zo. Amma na karɓi gyaranka a abu ɗaya: ƙanwata, kada ki sa kuɗin aljihunki a aikin wani. Mota da abincin rana a kan mai aikin suke, ki faɗa tun farko cikin ladabi.

Malamin Ƙasa

'Yata, ina koyar da kimiyyar ƙasa a wata jami'ar, ba taku ba, amma halin malamai ɗaya ne ko'ina, don haka bari in faɗa miki yadda abin yake daga ɓangarenmu.

Duk shekara tsofaffin ɗalibai suna rubuto mini suna neman takardar shaida don neman karatu a waje. Da yawansu sai in buɗe kundin sakamako in ga lallai na koyar da su, amma ba na iya tuna fuskarsu. Me zan rubuta? Sai in ce ya ɗauki kwas ɗina ya ci B. Irin wannan takarda ba ta kai kowa ko'ina. Wadda take aiki ita ce wadda zan ce na san ta tun tana aji biyu, ta yi mini aikin ɗibar samfurin ƙasa a gona kaza, ta gano kuskure a lissafin da aka ba ta ta dawo ta nuna mini. Masu ba da tallafin Commonwealth, da DAAD ta Jamus, da Gidauniyar Mastercard, duk suna neman irin wannan takarda daga malamai biyu ko uku. To waɗannan malaman yanzu za ki fara samunsu, ba ranar da kika gama ba.

Hanyar mai sauƙi ce. Ki zauna a gaba a aji. Idan abu ya shige miki duhu, ki rubuta tambayar, ki je ofis a lokacin aiki ke da ƙawarki. Kada ki ce Malam ban gane komai ba. Ki ce na karanta shafi kaza, na gane har zuwa nan, daga nan na ɓata. Ba malamin da ba ya jin daɗin irin wannan ɗaliba. Kodinetan ajinku ma ba don sa hannu a fom ɗin rajista kaɗai aka ajiye shi ba, ki kai masa maganar tallafin nan, sau da yawa sanarwa ta hannunsu take biyowa.

Sai laburare. Laburaren Kashim Ibrahim ba wurin karanta handawut da daren jarrabawa ba ne kawai. Ki je sashen kwamfutocinsu ki tambayi ma'aikatan yadda ake shiga rumbunan mujallun bincike, ki ambaci AGORA da sunanta. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke kula da ita, domin ɗalibai da masu bincike a ƙasashe irin namu su karanta mujallun da kuɗinsu ya fi ƙarfinmu. IAR ma tana da nata laburaren na aikin gona zalla. Ki ɗauki maƙala ɗaya a wata, kan wake ko dawa, wadda wani malaminku ya rubuta. Ta farko za ta yi miki wuya ƙwarai, ki daure ki kai ƙarshe da ƙamus a gefe. Kafin ki kai aji biyar, lokacin da za a raba ku sassa a ba ku furojet, kin riga kin san abin da kike so ki bincika da wanda kike so ya duba ki.

Tarukan ƙara wa juna sani da ɗaliban digiri na biyu da na uku suke gabatarwa a sashe, a buɗe suke. Ki shiga ki zauna a baya ki saurara. Ki shiga NAAS, ƙungiyar ɗaliban aikin gona, ki karɓi ɗan aiki ko da na rubuta bayanan taro ne. Idan har samar da iri ne burinki, ki riƙe sunan WACCI a Jami'ar Ghana da ke Legon, cibiya ce da aka kafa a 2007 don horar da masu samar da iri na Afirka, 'yan Nijeriya da dama sun yi digiri na uku a can. Mata kuwa a wannan fanni a Arewa ba su da yawa, kuma muna bukatarsu, domin wake da gyaɗar da ake ta bincike a kai, a hannun mata suke ƙarewa.

'Yar Malumfashi

Wallahi ban san da bakin da zan gode muku ba. Allah ya biya ku, ya raya muku zuri'a.

Jiya na cire kunya na sami 'yar ajin namu. Ashe wata ɗalibar digiri na biyu ce daga garinsu ta sa sunanta, kuma ta ce za ta haɗa mu ranar Asabar, tana da gonar gwajin wake. Na kira Babanmu na karanta masa bayanin Anti Maman Khalil, ya ce zai tambayi limaminmu, idan na zo hutu mu yanke.

Sai dai da na fito da takarduna na duba kamar yadda Anti ta ce, na ga a NIN an sa sunan kakanmu a ƙarshe, a JAMB kuma sunan Babanmu ne kawai. Wanne zan gyara, kuma ta ina zan fara?

Maman Khalil

Alhamdu lillahi da kika duba tun yanzu. Ki jera su duka a gabanki, WAEC da JAMB da takardar makaranta da ta haihuwa. Idan waɗannan sun yi daidai da juna, NIN ɗin za ki gyara ya bi su, domin sunan da ke takardun karatunki shi zai hau kan shaidar digirinki har zuwa bautar ƙasa. Hukumar NIMC ce ke gyaran, akwai kuɗin da ake biya a hukumance, ki biya ta hanyar da suka tanada ki riƙe rasit, kada ki bai wa ɗan tsakiya. Za a iya neman takardar rantsuwa daga kotu, don haka ki tafi da ita. Idan gyaran ya fito, ki wuce bankinki su daidaita BVN, in ba haka ba shafin NELFUND zai iya ƙin karɓar ki. Abin yakan ɗauki lokaci, ki fara a makon nan.

Ranar Asabar kuma ki sa takalmi rufaffe da safa, ki ɗaura hijabi gajere wanda ba zai riƙa kama ganye ba, ki tafi da ruwan sha da fensir biyu.